BAƘON DA AKA TSARE A KAN IYAKA: INA IYAKAR KULLE SHI SHI KAƊAI?

(Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa na Birnin Kebbi da Argungu)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, batun da zan yi magana a kansa a yau ba ya cikin waɗanda aka saba ji a kan mumbarinmu, alhali kuwa yana bakin ƙofarmu. Batun shi ne mutumin da hukuma ta kama domin ya ƙetaro iyaka ba da takarda ba, ko takardarsa ta ƙare, ko an yi shakkar ko shi wane ne, aka tsare shi kafin a san yadda za a yi da shi. Tambayata ɗaya ce: ya halatta a rufe irin wannan mutum a ɗaki shi kaɗai, ba mai yi masa magana, ba wanda ya san inda yake? In akwai halin da ya halatta, to, ina iyakarsa?

Mu mutanen Jihar Kebbi ba mu da uzurin cewa abin bai shafe mu ba. Jiharmu tana maƙwabtaka da ƙasashe biyu, Nijar da Binin. Daga Bachaka da Kangiwa, zuwa Kamba da Dole Kaina, har Lolo da Tsamiya, duk ƙofofi ne da mutane ke shiga suna fita dare da rana. Layin da ya raba mu da Dogondutsi da Gaya kuwa Turawan Ingila da na Faransa suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi Ba'are ko Badende ko Bazabarme ba. Saboda haka wanda jami'in shige da fice zai kira baƙo a Kamba, mai yiwuwa ne kakarsa tana kwance a maƙabartar Argungu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba, in yana riƙe da takardar tafiya. Amma talakan da ya fito cin rani da jakarsa a kafaɗa sau nawa yake da wannan takarda? Sa'an nan an rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya ƙara yawan mutanen da ke bi ta hanyar daji, ya kuma ƙara musu zama abin zargi.

To, mu fara da tushe. Mene ne ma tsarewa a Shari'a?

Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda shi kansa a kurkukun Dimashƙa ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya bayyana cewa tsarewar da Shari'a ta sani ba cusa mutum a ƙuntataccen wuri ba ce. Manufarta a hana shi tafiyar da al'amuransa yadda ya ga dama har a warware maganarsa, ko a gida ne, ko a masallaci, ko ta hanyar sa wani ya lizimce shi. Almajirinsa Ibnul Ƙayyim ya maimaita wannan bayani. In muka duba, wannan ya fi kusa da abin da Bahaushe ke kira ɗaurin talala. A zamanin Manzon Allah (S.A.W.) da na Abubakar (R.A.) babu wani gini da aka keɓe domin ɗaure mutane. Sai da jama'a ta yawaita a zamanin Umar (R.A.) aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka kan dirhami 4,000 aka mai da shi gidan tsarewa.

Ku dubi Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama. Wannan ba ɗan cin rani ba ne, abokin gaba ne aka kamo. Ina aka ajiye shi? A jikin ginshiƙin masallacin Annabi, inda yake ganin mutane, mutane na ganinsa, yana jin karatu, yana ganin sahu. Kwana uku a jere Manzon Allah (S.A.W.) da kansa yana zuwa yana tambayarsa abin da ke ransa, a rana ta uku ya ce a sake shi. Sumamatu ya je ya yi wanka, ya komo ya musulunta, ya shaida cewa fuskar da ya fi ƙi a bayan ƙasa ita ce ta zama mafi soyuwa gare shi. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. An tsare shi, an ɗaure shi ma, amma ba a ɓoye shi ba, ba a yanke shi daga maganar mutane ba, kuma shugaba mafi girma shi ne ke duba lamarinsa kowace rana.

Wanda yake son ya san nauyin yanke mutum daga magana, sai ya koma ƙissar sahabbai uku da suka ƙi fita yaƙin Tabuka: Ka'abu ɗan Malik, da Muraratu ɗan Rabi'u, da Hilalu ɗan Umayya, Allah Ya yarda da su. Ina so mu daɗe a nan, domin ban san wata ƙissa da ta fi ta bayyana wannan al'amari ba. Ba a rufe su a ɗaki ba. Ba a sa musu mari ba. Suna gidajensu, suna cin abincinsu. Ka'abu yana zuwa jam'i, yana zaga kasuwa. An dai hana kowa ya yi musu magana. Duk da haka Ka'abu ya ce ƙasar ta sauya masa har ta zama ba wadda ya sani ba. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, mutumin da ya fi so, ya yi sallama ba a amsa ba, ya juyo yana hawaye. Sauran biyun suka zauna a gida suna kuka. Allah Maɗaukakin Sarki da kanSa Ya siffanta halinsu a Suratut Tauba, aya ta 118, Ya nuna cewa ƙasa duk da faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata. Waɗannan sahabbai ne, masu imanin da ba mu da irinsa, suna cikin garinsu, cikin danginsu. Yaya ke nan ga yaron da ya fito daga wani ƙauye na bayan Dosso, ba ya jin Turanci, Hausarsa ma kame-kame ce, an rufe shi a ɗakin da ba taga?

Ku lura da wasu abubuwa a ƙissar. Hukuncin ya zo ne daga Manzon da ake yi wa wahayi, a kan laifin da masu shi suka amsa da bakinsu. Ya ƙare a dare na 50. Ko a cikinsa an yi sassauci, domin matar Hilalu ta zo ta ce mijinta tsoho ne ba shi da mai hidima, aka yarje mata ta ci gaba da yi masa hidima. Akwai kuma abin da ya kamata jami'an tsaro su yi tunani a kansa: a tsakiyar wannan kaɗaici ne takardar sarkin Gassan ta iso wa Ka'abu, tana kiransa ya bar mutanen da suka wulaƙanta shi ya zo a girmama shi. Ka'abu ya jefa ta a tanderu. Ba kowa ne Ka'abu ba. Maƙiyi ya san lokacin da zuciya ta fi sauƙin saye.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, a cikin Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya nemi a naɗa mutumin kirki ya rubuta sunayen waɗanda ke tsare, a riƙa ba su kuɗin abinci daga baitulmali wata-wata, ana kiran kowa da sunansa ana danƙa masa a hannu, domin in an ce burodi za a raba, masu gadi za su cinye. Ya nemi a ba su tufar sanyi da ta zafi, a kuma riƙa duba shari'unsu a kai a kai, mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sake shi. Ya kawo umurnin Umar ɗan Abdul'aziz cewa kada a bar Musulmi cikin marin da zai hana shi yin salla a tsaye. Sa'an nan ya ambaci abin da ya fi ƙona masa rai, watau labarin da ya iske shi cewa baƙo yakan mutu a kurkuku, gawarsa ta kwana ɗaya ko biyu ana jiran izinin gwamna, har sai 'yan'uwansa ɗaurarru sun yi karo-karo sun ɗauki hayar mai kai shi maƙabarta, a rufe shi ba wanka, ba likkafani, ba salla. Abu Yusuf ya rasu a shekara ta 182. Tun wancan zamani malamai sun gane cewa baƙo shi ne ya fi kowa saurin ɓacewa a bayan ƙofa, domin ba shi da mai zuwa ya tambaya.

A mazhabar da muka tashi a cikinta ma haka abin yake. Duk wanda ya karanta Muhtasar na Shaihu Halil a zaure, a Gwandu ko a Argungu ko a nan Birnin Kebbi, ya wuce ta kan waɗannan hukunce-hukunce. Sabon alƙali, da waɗanda ke tsare zai fara kafin kowace shari'a. A babin wanda bashi ya yi wa katutu, an yarda a tsare wanda ba a san halinsa ba har a gane ko da gaske ba shi da shi. Amma ba a raba shi da ɗan'uwansa in tare aka tsare su, ba a hana mai zuwa gaishe shi, kuma in hankalinsa ya gushe fitar da shi ake yi har ya dawo. A ganina baƙon da ba shi da takarda ya fi kama da wannan mutum fiye da kowa: ba a yanke masa hukuncin laifi ba, halinsa ne ba a sani ba, ana riƙe da shi ne domin a bincika. Wanda ake riƙe da shi domin bincike kuwa ba a yi masa uƙuba, kuma kaɗaitawa uƙuba ce. Muslim ya ruwaito cewa Hishamu ɗan Hakim (R.A.) ya iske an tsayar da waɗansu manoma cikin rana a ƙasar Sham saboda jiziya, ya shiga wurin gwamna ya gaya masa ya ji Manzon Allah (S.A.W.) yana gargaɗin cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya, aka sake su. Mutanen nan ba Musulmi ba ne. Don haka maganarmu ta haɗa da ɗan Binin da ɗan Togo, ko wane addini yake bi.

Turawa sun daɗe kafin su iso inda malamanmu suka tsaya. A 1829 aka buɗe wani babban kurkuku a Filadelfiya ta Amurka, wanda aka gina bisa ra'ayin cewa in an rufe mai laifi shi kaɗai zai yi nadama ya shiryu. Abin da aka samu shi ne taɓin hankali, har Kotun Ƙolin ƙasar ta ambaci haka a wani hukunci na 1890. A 2011 mai binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, Juan Mendez, ya ba da rahoton cewa bayan kwana 15 wata illar da kaɗaici ke yi wa ƙwaƙwalwa tana iya zama ba ta warkuwa. A Disamban 2015 Majalisar ta amince da ƙa'idojin da aka sa wa sunan Nelson Mandela. A cikinsu an fassara kaɗaitawa da rufe mutum awa 22 ko fiye a yini ba tare da wata hulɗa mai ma'ana da ɗan Adam ba. An hana ta wuce kwana 15 a jere, an hana wadda ba a sa mata ranar ƙarewa ba, an hana ɗakin duhu da wanda ba a kashe fitilarsa, an kuma ce ba a yin ta sai in babu wata dabara, ba a yi wa yara, ba a yi wa wanda za ta tsananta wa ciwon hankali ko naƙasa. Amma rubutu daban, aiki daban. Wani bincike da likitoci masu kare haƙƙin ɗan Adam da masana na Jami'ar Harvard suka fitar a 2024 ya nuna cewa hukumar shige da ficen Amurka ta kaɗaita baƙi fiye da sau 14,000 tsakanin 2018 da 2023, matsakaicin zama kuwa kwana 27. Ba mu karɓi haramcin zalunci daga gare su ba. Amma adadin da likitoci suka tabbatar ilmi ne, kuma hukuncin hana cutarwa yana hawa kansa.

Dokokin ƙasarmu fa? Tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya yarda a tsare mutum domin hana shi shigowa ba bisa ƙa'ida ba, ko domin a tasa ƙeyarsa. Amma sashen ya wajabta a sanar da duk wanda aka tsare dalilin tsare shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Sassan biyu ba su ce ɗan ƙasa ba, kowane mutum suka ce. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta wuraren tsarewa na ɓoye, da kaɗaitawa, da yanke mutum daga kowa, inda za a iya azabtar da shi, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai azabtarwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 34, ta ɗora wa alƙalin majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda da sauran wuraren tsarewa aƙalla sau ɗaya a wata. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba baƙo haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Ashe ba doka muka rasa ba. Mai tunatarwa muka rasa.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, musamman 'yan'uwa na ƙasar Argungu. Za ku ce: Malam, ka manta da Mera? Ban manta ba. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, Allah Ya jiƙansu, kuma a Janairun 2025 kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. Tsaron iyaka wajibi ne, kuma jami'in da ke kwana a daji domin mu yi barci yana da haƙƙin addu'a a kanmu. Wanda aka kama da makami, ko aka ji tsoron zai kashe wanda ke ɗaki ɗaya da shi, ko zai shirya ƙarya da abokin laifinsa, ko yana da cuta mai yaɗuwa, ba wanda ya ce kada a ware shi. Amma warewa daban, binnewa da rai daban. A ware shi, a rubuta ranar da aka sa shi da dalili da sunan wanda ya ba da umurni, likita ya gan shi kullum, a ba shi ruwan alwala, a nuna masa alƙibla, a fito da shi ya ga rana, wani na sama da wanda ya rufe shi ya duba maganar, kuma a san ranar fitarsa. Kwana 15 ɗin nan rufi ne ga mai haɗari, ba ma'auni ba ne ga kowa. Mai tallan shayi da mai ga-ruwa da makiyayin da ba su da laifin da ya wuce rashin takarda, ban ga hujjar kaɗaita su ko na kwana ɗaya ba. Abin tsoro shi ne a ɗauki zunubin ɗan ta'adda a aza wa duk mai karyayyar Hausa.

Mu kuma tuna cewa mun ɗanɗana. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A Satumban 2012 aka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya fiye da 1,000 a Saudiyya kan batun muharrami, aka komo da ɗaruruwa gida, ƙasar nan duka ta ɗauki zafi. Muna jin labarin 'ya'yanmu a gidajen tsare baƙi na Libiya, da waɗanda Aljeriya ke zubarwa a hamada kusa da Assamaka. Mu ma a 1983 mun kori baƙi fiye da miliyan ɗaya. A 1980 kuwa aka ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Barno, aka tsallakar da shi Chadi da sunan baƙo ne, sai da kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne. In mai wannan matsayi ya wayi gari baƙo, wane ne a Kangiwa ko Kamba ya tsira? Kuma kada mu nuna hukuma da yatsa mu manta da gidajen mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum fiye da 300 wasu cikin sarƙa, da sunan tarbiyyar Musulunci aka yi shi.

Allah Ya yabi bayinSa na ƙwarai a Suratul Insan, aya ta 8, da ciyar da miskini da maraya da kamamme. Biyun farko muna da kwamitoci dominsu, na ukun ne ba mu da shi. Ina roƙon shugabannin rassa na Birnin Kebbi da Argungu, da na garuruwan kan iyaka, su nemi izinin hukuma a rubuce, ta hanyar da doka ta tsara, domin malami ɗaya da ɗan agaji ɗaya su riƙa ziyartar gidajen gyaran hali da wuraren da ake ajiye baƙi, ko da sau biyu ne a wata. A sa masu jin Zabarmanci da Dendanci da Fulatanci da Faransanci a ciki, domin wanda ba a jin harshensa a kaɗaice yake ko da mutum 40 ne a ɗakin. 'Yan'uwa mata su ɗauki ɓangaren mata. In an shiga, a tambayi suna da gari da wanda za a sanar, a tambaya ko akwai wanda ke rufe shi kaɗai da kwana nawa ya yi. Abin da ya fi ƙarfinmu a kai shi ga lauyoyinmu, ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda doka ta ba ikon shiga wuraren tsarewa. Ba da hayaniya ba, ba da cin mutuncin ma'aikaci ba.

Ku kuma 'yan'uwa da ke aikin shige da fice, da kwastan, da 'yan sanda, da gandurobobi, na san akwai ku a wannan zama. Mabuɗin yana hannunku, ba ya hannun na Abuja. Ba za ku iya sauya doka ba, amma kuna iya rubuta sunan mutum a littafi, ku ara masa waya ya gaya wa mahaifiyarsa yana raye, ku amsa masa sallama, ku tunatar da na gaba da ku cewa wane ya kwana uku a ɗakin baya. Wanda aka umurce shi da ya wuce haka zuwa azabtarwa, ya sani dokar 2017 ba ta karɓar uzurin cewa umurni ne daga sama, Shari'a kuwa ta riga ta.

Masu son shiga aikin ziyara su ba da sunayensu ga sakatarorin rassansu bayan salla, tare da harsunan da suke ji.